Karen Kiwo A Gidan Da Babu Shanu

Duk wanda muke aji ɗaya da shi ya san ni da abu biyu: shiga lakcar ƙarfe takwas a makare, da gashin kare a jikin wandona. Tun zangon karatun bara ake tsokanata a kai, har wani abokina ya laƙaba mini Sarkin Karnuka, sunan kuma ya bi ni har masallaci. To yau zan yi bayani, tun da saura wata uku in bar makarantar nan. Akwai wani yayi da ke shigowa garuruwanmu na sayen karnukan Turawa a ajiye a gida don sha'awa, kuma mu da muke shirin fita mu fara kama 'yan kuɗi, mu ne masu sayen gobe. Ra'ayina shi ne ƙaramin karen kiwo, irin mai gajerun ƙafafun nan da ake nunawa a TikTok, bai dace da yawancin gidajenmu ba. Wanda ya saye shi don ya ga ƙarami ne, ya ɗauko wa kansa da iyalinsa da maƙwabtansa aikin da bai shirya masa ba.

Ban samu ɗaki a hostal ba, don haka a gidan yayana nake zaune a Kaduna, ina jeka-ka-dawo. Gidan fulat ne mai ɗaki uku, tsakar gida siminti, in an ajiye mota sauran filin bai wuce na shanya ba. Yaya na da yara uku, babbar shekararta tara. Watan da na fara difloma yaran suka tasa shi gaba da wani bidiyo na karnukan Sarauniyar Ingila, kullum sai sun nuna masa. Yaya mutum ne da ba ya iya ce wa 'ya'yansa a'a. Ya samu wani mai sayar da karnuka a Instagram, mutumin ya ce masa irin wannan ba ya cin abinci da yawa, ba ya buƙatar fili, yaro ma zai iya riƙe shi. Aka turo ɗan kwikwiyo a mota daga Abuja, a kan kuɗin da ya fi kuɗin makarantata na shekara biyu. Da aka gaya wa Hajiyarmu a waya cewa sunan irinsa Korgi, sai ta ce, "Kogi? Yanzu har Lokoja kuka je sayen kare, duk karnukan da ke yawo a unguwa ba su ishe ku ba?" Yara suka sa masa suna Gajere.

Gaskiya wata biyun farko kowa ya ji daɗinsa. Ga kunnuwa a tsaye, ga fuska kamar ta yanyawa, in yana tafiya sai ka yi dariya ko ba ka so. Daga wata na huɗu labari ya fara canzawa. Ya cinye silifas ɗin Anti guda uku, ya yage gefen kujerar falo, ya tsinka cajar kwamfutata ana saura kwana biyu in miƙa aiki. Kajin Anti biyar da ke bayan gida kuwa kullum sai ya tara su a lungu ɗaya ya tsare, in ɗaya ta motsa ya mayar da ita. Ba ya cinsu, tsarewa kawai yake yi, har suka daina ƙwai. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne duk sa'ad da yara suka sheƙa da gudu, sai ya bi su yana kai musu ɗan cizo a dunduniya. Yaya ya ce wasa ne. Anti ta ce karen nan ba lafiya ba. Ni kuma da cajata ta ƙona mini rai, na zauna na karanta tarihinsa, a nan na gane cewa duk cikinmu babu wanda ya san abin da aka kawo gidan.

Korgi karen kiwon shanu ne daga yankin Wales na Birtaniya, irin namu kuma daga gundumar Pembrokeshire. Tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 25 zuwa 30 ba, nauyinsa kamar kilo 10 zuwa 14. Gajartar nan da muke yi wa dariya ita ce kayan aikinsa. Yadda yake kora garke shi ne ya bi saniya ta baya ya ɗan cije ta a dunduniya, in ta kai masa shuri ya kwanta, ƙafar ta wuce ta samansa. Shekaru aru-aru manoman can suna zaɓen wanda ya fi iya wannan su haɗa shi da wadda ta fi iyawa. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gajere bai taɓa ganin saniya kusa ba, amma da ya ga abu yana gudu, jininsa ke gaya masa ya bi shi ya juyo da shi. A gidanmu kuwa abin da ke gudu yara ne da kaji.

Haka abin yake ga danginsa da ake tallatawa da sunan ƙananan karnukan gida, irin su Shelti na tsibiran Shetland da ke arewacin Scotland, da ƙaramin makiyayin nan na Amurka. An ƙera su ne don su wuni suna aiki da jiki da ƙwaƙwalwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Stanley Coren, ya fitar da littafi a 1994 inda ya jera karnuka sama da iri 100 bisa saurin koyon umarni. Boda Koli, shi ma karen kiwo, ya zo na ɗaya, Shelti na shida, Korgin Pembroke na goma sha ɗaya. Masu talla suna son kawo wannan, su ce ai kare ne mai basira. Abin da ba sa faɗa shi ne mai basira in ya rasa abin yi, shi zai samo wa kansa. Ku tuna yadda muke zama in an tafi dogon yajin aiki, wata na uku a gida babu lakca babu sana'a. Wasu har faɗa suke nema da ƙannensu don dai rana ta wuce. To haka Gajere yake kullum, sai dai shi ba shi da waya.

Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta riƙe Korgi sama da 30 a rayuwarta, tun daga wadda aka ba ta a 1944 da ta cika shekara 18, kuma ranar jana'izarta a watan Satumban 2022 duniya ta ga biyu daga cikinsu suna jira a fadar Windsor. Wannan hoton ne ya sayar da karen ga mutane da yawa. Amma Sarauniya na da filaye masu ciyawa da ido ba ya ganin ƙarshensu, tana da ma'aikata, tana kuma ƙasar da ake ruwa da sanyi yawancin shekara. Yayana na da tsakar gida ta siminti, da ƙane ɗaya ɗan makaranta.

Batun zafi kaɗai ya isa mutum ya yi tunani. Gashin Korgi hawa biyu ne, na ciki mai laushi da ke riƙe ɗumi, da na waje mai kare ruwa. Kare kuma ba ya zufa a jiki kamar mu, ta haki yake rage zafi. A watan Maris da Afrilu, in zafin Kaduna ya doshi digiri 40 aka kuma ɗauke wuta, sai ka ga Gajere ya baje a tayil ɗin banɗaki, harshe a waje, numfashi sama-sama. Sau ɗaya ya kai ga amai da layi, na jiƙa shi da ruwan randa na ɗauke shi a Keke Napep zuwa wurin likitan dabbobi. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Tun daga ranar, da rana tsaka ba ya fita ko ƙofar gida, don simintin ma ƙona masa tafin ƙafa yake yi. Gashin kuma zuba yake babu ƙaƙƙautawa, shi ne kuke gani a wandona.

Sai abinci. Mu a saninmu kare ragowar tuwo yake ci. Amma albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, miyarmu kuwa wacce ce babu albasa? Cakulan da inabi guba ne a gare shi, ga yara ba su da aiki sai miƙa masa abin da ke hannunsu. Ƙashin kaza dafaffe yakan tsage ya soke shi a hanji. Ga shi da saurin ƙiba, doguwar bayansa kuma ba ta son nauyi, ciwon baya na cikin abin da aka san irinsa da shi. Don haka ko a sayi abincin buhu mai tsada, ko a dafa masa nasa daban. Ƙara da maganin kaska, da na tsutsar ciki, da alluran riga-kafi. Wanda ya ce maka ƙaramin kare ƙaramin kashe kuɗi ne, bai taɓa riƙe shi ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru wata Asabar da yamma. An taso daga Islamiyya, yaranmu suka shigo da ƙawayensu aka bar ƙofa a buɗe. Wata 'yar maƙwabcinmu mai shekara shida ta ga kare ta tsorata, ta juya da gudu. Gajere ya yi abin da kakanninsa suke yi wa shanu. Ciwon bai da girma, haƙori biyu ne a dunduniya, amma jini ya fito. Allah Ya sa na riga na karanta abin da ake yi: na kai ta bakin famfo na wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, tana kuka ina ba ta haƙuri, sannan muka wuce asibiti. Tambayar farko da aka yi mana ita ce, an yi wa karen allurar ciwon hauka? Muka ɗauko katin da mai sayarwa ya haɗo da shi. Allurar kwikwiyo ta farko ce kawai a ciki. Ta hauka, wadda ake yi daga wata uku a kuma riƙa sabuntawa, babu wanda ya yi. Laifin nan namu ne, ni ma ina ciki, don na fi kowa a gidan kusa da karen kuma ban taɓa buɗe katin ba.

Wanda bai san ciwon haukan kare ba zai ce mun cika zuzutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarsa, kuma kusan kashi 40 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Abin haushin shi ne riga-kafin karen ba wani abu ne mai wahalar samu ba, a nan Vom ta Jihar Filato ma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana yin sa, kuma kowace ranar 28 ga Satumba ana wayar da kai a kansa a duniya. Yarinyar ta sha jerin allurai, Yaya ya biya. Likita ya ce a tsare karen a sa masa ido kwana goma. Kwana goman nan ban san me aka koyar a aji ba. Kullum da safe sai na leƙa in ga ko ya ci abinci, ko ya sha ruwa, ko idonsa ya canza. Alhamdu lillahi lafiyarsa ƙalau, yarinya ma ta warke.

Mahaifinta dattijo ne mai kawaici. Bai ɗaga murya ba, bai kai ƙara wurin mai unguwa ba. Bayan sallar isha'i ya tsayar da Yaya a ƙofar masallaci ina tsaye a gefe, ya ce, "Malam, ban ce ka kashe shi ba, ban ce ka kore shi ba, dabba ce ba ta san komai ba. Amma shekara biyar muna katanga ɗaya da kai, yau 'yata sai ta zagaya ta bayan layi kafin ta je makaranta, don kar ta bi ta ƙofar gidanka. Ka duba wannan." Yaya ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, in Allah Ya yarda ba za a sake ba." Har muka isa gida bai ƙara cewa uffan ba.

Daga ranar aikin ya dawo kaina gaba ɗaya. Ina idar da sallar asuba nake sa masa igiya mu tafi filin ƙwallon unguwa kafin rana ta ɗaga. Minti arba'in ina jefa masa ƙwallon tanis yana ɗaukowa, sannan minti goma na koyon zauna, tsaya, zo, bari, da 'yan gutsattsarin dafaffiyar hanta a aljihuna. Da yamma in na dawo a sake wani zagayen. Na hana yara gudu a gabansa, na koya musu in ya biyo su su tsaya cak kamar itace, don abin da ba ya motsi ba ya ba shi sha'awa. Duka ba ya aiki a kansa, na gwada sau ɗaya na ga tsoro kawai ya ƙara masa. Cikin wata biyu ya zama wani kare daban. Ya daina cin takalma, kaji suka koma ƙwai. Wannan ita ce amsar masu tambayar me ya sa nake makara.

Na san akwai masu cewa, to ai ka ga ya gyaru, ashe matsalar ba ta karen ba ce. Na yarda, kuma hujjata ke nan. Ya gyaru ne saboda an samu mutum ɗaya da ke ba shi sama da awa guda kullum, ran ruwa da ran sanyi, ran jarrabawa ma. In na yi tafiyar kwana uku, kafin in dawo ya koma ruwa, don hali zanen dutse ne. Gida nawa ne a cikin namu ke da wannan mutumin? Maigida ya fita tun bakwai sai dare, uwargida ga aiki ga girki ga yara, yaran da suka yi kukan a sayo kuma mako uku ya ishe su. Wasu kuma za su ce ai yana gadi. E, yana da haushi, ko mai ruwa ne ya tsaya a ƙofa sai unguwa ta sani. Amma haushin ba ya bambance ɓarawo da mai tallan ƙosai, kuma maƙwabcin da ke da jariri ba zai gode maka ba. Masu cewa da kuɗina na saya kuwa, kuɗin naka ne, amma dunduniyar da za a ciza ta ɗan wani ce.

Ga mu Musulmi akwai ƙarin abin dubawa, kuma Hajiyarmu ba ta gaji da tuna wa Yaya ba. Abin da muka koya tun a Islamiyya shi ne an yi rangwame a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Riƙe shi haka kawai yana rage lada, shigar da shi ɗaki kuma akwai magana a kai. Abin dariyar shi ne Gajere karen kiwo ne na asali, a gidan da babu abin kiwo. A ɗaya ɓangaren, addinin nan ne ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Saboda haka wanda ya riga ya ɗauko, ba shi da damar ɗaure shi da sarƙa a rana ya ce ai najasa ne. 'Yan uwanmu Kirista da ba su da wannan takurar, haƙƙin dabba da haƙƙin maƙwabci na kansu kamar kowa.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke raina namu. Karen gida da ke kwance a gindin bishiya a kowace unguwa, gashinsa gajere ne, jikinsa ya saba da zafinmu, ba ya neman fanka. Mafarautanmu sun san darajarsa. A ruga ma za ka same shi yana gadi, don Bafulatani da sanda da murya yake juya shanunsa. Wanda ke da buƙatar kare ta gaskiya, ya ɗauki irin wannan tun yana ƙarami, ya yi masa allura, ya ciyar da shi da kyau, zai sha mamakin abin da zai zama. Amma mu sai mu jefe shi da dutse, mu je mu zuba dubban ɗaruruwa a kan wanda aka yi don sanyin Wales, saboda shi ne ke kyau a hoto.

In duk da haka ranka ya biya, to ka amsa wa kanka waɗannan kafin ka tura kuɗi. Wa zai fita da shi kullum, da sunansa, ba "yara za su yi" ba? Ina filin da zai yi gudu? Ina zai kwanta a watan Afrilu in babu wuta? Ka ga uwarsa da idonka, ka kuma kai katin allurarsa wurin likitan dabbobi ya duba? Ka yi magana da maƙwabtanka, da mai gidan in haya kake? Sannan ka san cewa irin wannan kare yakan yi shekara 12 zuwa sama a raye? Wato in ka saye shi da albashinka na farko, yana nan za ka yi aure, yana nan ɗanka na fari zai shiga firamare. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mu dai mun saya ba mu sani ba, shi ya sa nake gaya muku.

Yanzu saura wata uku in kare furojet ɗina in tafi aikin sanin makama na shekara guda, kuma da wuya a Kaduna zan yi shi. Gajere bai cika shekara biyu ba. Na gaya wa Yaya tun yanzu ya zaɓa: ko ya riƙa tashi da asuba da kansa, ko mu kai shi gonar wani abokinsa a hanyar Kachia inda akwai tumaki da fili da inuwa. Ya ce zai yi tunani. Ƙaramar 'yarsa ta ji mu, ta zo ta riƙe mini riga tana cewa, "Baffa, don Allah kar a tafi da shi." Ban iya ba ta amsa ba, don ni ma na saba da shi fiye da yadda nake nunawa, kuma na san gonar ce ta fi masa. Kafin lokacin dai, in kun gan ni na shigo lakca takwas da kwata, ku matsa mini in zauna.